AMOSANIN JINI: CIWON GAƁOƁI NA GADO DA HAKKIN DA KE KAN IYAYE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya gudanar da jini a cikin jijiyoyinsa ba tare da saninsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo ne wanda yake cikin gidaje masu yawa a nan Gure da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Kelle zuwa Gidigir da Bune, amma ba kasafai ake ambatonsa a masallaci ba. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai gidajen da barci ke ƙaurace musu, domin yaro na kwance yana ihu, yana cewa ana sassara masa ƙashi, alhali kuwa babu rauni babu karaya. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu kuma su ɗora wa wata tsohuwa ta unguwa laifin maita. Sau da yawa abin da ke damun wannan yaro shi ne amosanin jini, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira sikila, wasu kuma a nan ƙasar suke ce masa emasi. Ciwo ne da ake gado. Yana cin gaɓoɓi a fili, kuma yana karya garkuwar jiki a ɓoye, kuma na ɓoyen nan shi ne ya fi kisa.

YADDA CIWON YAKE

Allah Ya sanya a cikin jininmu wasu ƙananan ƙwayoyi jajaye, kewayayyu, masu laushi, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu su kai ta ko'ina a jiki. Saboda laushinsu suna iya lanƙwasawa su ratsa jijiyar da ta fi gashin kai siranta. A jikin mai lafiya kowace ƙwaya tana yin kamar kwana 120 kafin ta mutu a maye gurbinta. A jikin mai amosanin jini kuwa, idan iska ta yi ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai ƙwayar ta sandare, ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a cikin ƙananan jijiyoyi. Sa'an nan kwanakinta ba su wuce 10 zuwa 20. Wannan ne ya sa kullum jininsa yake ƙasa, idanunsa suka yi rawaya kamar mai shawara, kuma yake saurin gajiya, tsaransa su fi shi girma.

Likitocin Turai ba su rubuta wannan ciwo ba sai a 1910, lokacin da wani likita a birnin Shikago na Amurka, mai suna James Herrick, ya bayyana irin waɗannan ƙwayoyi da aka gani a jinin wani ɗalibi baƙar fata. Amma mutanen Afirka sun riga shi sani da nisa, domin ƙabilu da yawa suna da sunan da suka ba shi. Wani babban likita ɗan ƙasar Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar ciwon a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. Kuma akwai abin lura a nan ga mai tunani: a 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna cewa wanda ya gaji rabin wannan jini kawai, daga uba ko daga uwa, ya fi saura jure wa masassarar cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa irin ya yawaita a ƙasashen sauro kamar tamu. Ana kiyasta cewa a Nijar kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da shi. A duniya kuwa, a shekarar 2021 kaɗai an haifi jarirai fiye da 500,000 masu cikakken ciwon, mafi yawansu a Afirka.

ABIN DA YAKE YI WA GAƁOƁI

Jariri ba ya nuna komai a watanninsa na farko, domin yana da sauran irin jinin da ya rayu da shi a cikin mahaifa. Wajen wata 6 sai wannan jini ya ja baya, na gado ya karɓi wurinsa. Alamar farko da uwa za ta gani ita ce kumburin bayan hannu da bayan ƙafa da yatsu, da zafi, yaro ya ƙi yarda a taɓa shi. A wannan shekaru ɓargon da ke yin jini yana nan a cikin ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa, shi ne jini ke toshewa a cikinsa. Duk uwar da ta ga wannan kumburi a jikin ɗan goyonta, lalle ta nemi a auna masa jini.

Idan ya girma, sai ciwon ya koma dogayen ƙasusuwa, da gwiwa, da gadon baya, da ƙirji. Yakan taso farat ɗaya, ya yi kwana uku ko mako guda, sa'an nan ya lafa kamar ba a yi ba. Wannan zuwa da komawa shi ya sa mutane suke zaton aikin iska ne, kuma shi ya sa kowane mai magani yake samun suna a kansa: an ba da turare ranar Talata, ciwo ya lafa ranar Juma'a, sai a ce turaren ne. Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne: sanyi, da wanka da ruwan randa da asuba, da dukan ruwan sama, da ƙishirwa a bazara, da zawo, da masassara, da aikin ƙarfi da ya wuce kima. Yaron da aka tura kiwo ko jan ruwa a rijiya tun hantsi har la'asar ba tare da gora ba, an kai shi bakin ciwon da hannu.

Akwai kuma wata ɓarna wadda ba ta lafawa. Kan ƙashin cinya, inda ya shiga cikin kwatangwalo, hanyar jininsa ƙanƙanuwa ce. Idan ta riƙa toshewa sai ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa. Saurayi ko budurwa su fara jin ciwo a matsematsi ko a gwiwa, su fara ɗingishi, zaman tahiya ya gagare su, daga baya ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Haka yakan faru a kafaɗa. Idan an gano da wuri ta hanyar hoton ƙashi, ana rage wa ƙafar nauyi da sanda, a jinkirta lalacewar. Idan an makara, sai aikin tiyata na sauya gaɓar, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin mafi yawan talakawanmu. Don haka ɗingishin matashi mai amosanin jini ba abin a jira a gani ba ne.

INDA AJALI YA FI ZUWA

Ya ku ƴan'uwa, a nan muke so ku ƙara natsuwa. Allah Ya sanya saifa a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ta zama kamar rariya mai tace jini, tana kama ƙwayoyin cuta kafin su bazu. A jikin mai amosanin jini, saifa tana daga cikin abubuwan da suke fara lalacewa, tun a shekarar farko, kuma kafin yaro ya kai shekara 5 yawanci ta daina aiki. Wato ke nan yaron yana yawo a cikinmu kamar gidan da aka cire wa ƙyaure. Ƙwayar cutar da za ta sa ɗan'uwansa tari na kwana biyu, shi tana iya shiga jininsa ta kashe shi tsakanin magariba da asuba, ko ta zama sanƙarau, ko ciwon huhu. Wata kuma, irin wadda ake samu a gurɓataccen ruwa da abinci, takan zauna a cikin ƙashin da jini ya riga ya raunana, ta tara mugunya, gaɓa ta kumbura ta yi zafi. A ido ba a iya rarrabe wannan da tashin ciwon da aka saba, sai likita.

Saboda haka hukuncin da ya kamata kowane gida ya haddace shi ne: zafin jiki a jikin yaro mai amosanin jini ba ya kwana a gida. A kai shi gidan likita a wannan rana, ko da dare ne, ko da a amalanke ne. Haka nan idan ya yi fari fat farat ɗaya, cikinsa ya kumbura ta hagu, ko numfashi ya yi masa wuya, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko bakinsa ya karkace. Kusan yaro ɗaya cikin goma daga masu wannan ciwo yakan sami shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba.

Mun san matan da ake kira masu wabi, waɗanda ƴaƴansu ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya kafin yaye ko jim kaɗan bayansa, har a riƙa sa wa na baya suna Ajuji ko Ayashe wai don mutuwa ta raina shi. Ba mu ce kowace wabi amosanin jini ce ba. Amma muna ganin ya wajaba ga gidan da aka jarrabta da haka su auna jinin uba da uwa kafin su tafi neman wani dalili.

A nan ya dace mu ambaci wani ciwon na gado wanda ya fi wannan ƙaranci ƙwarai, domin kada a ruɗe. A 1952 wani likitan soja a Amurka, Ogden Bruton, ya bayyana labarin wani yaro ɗan shekara 8 wanda cututtuka suka yi ta kama shi, aka tarar jikinsa ba ya ƙera makaman da jini ke yaƙar cuta da su. Wannan ciwo kusan ƴaƴa maza kaɗai yake kamawa, ta wajen uwa yake biyowa, ita kuwa lafiyarta lau. Shi ma yakan fara bayan wata 6, da ciwon kunne mai mugunya da ciwon ƙirji da ba su ƙarewa, kuma wasu daga cikin masu shi gwiwoyinsu da sauran manyan gaɓoɓi sukan kumbura. Ana samunsa a kamar haihuwa ɗaya cikin 200,000, kuma maganinsa ƙarin waɗannan makamai ne ta jijiya duk mako 3 ko 4 har iyakar rai. Idan aka auna yaro aka ga ba shi da amosanin jini, amma ga ciwon gaɓoɓi ga cututtuka masu maimaituwa, kuma an san kawunnansa sun rasu suna ƙanana da irin wannan hali, to a faɗa wa likita wannan tarihi, domin shi ne zai sa a tura yaron gaba.

KULAWA, DA SAUƘIN DA SHARI'A TA YI

Abubuwan da ke tsawaita ran waɗannan yara ba masu tsada ba ne. Na farkonsu allurar riga-kafi cikakkiya. Tun 2014 aka shigar da ta ciwon huhu cikin alluran jarirai a Nijar. Sai maganin fenisilin da ake ba yaro kullum har ya kai shekara 5, wanda wani bincike na 1986 a Amurka ya nuna yana rage mugunyar cutar jini da kashi 84 cikin 100. Sai kwana cikin sange, da karɓar maganin riga-kafin masassara da ake rabawa gida gida da damina, da shan ruwa mai tsabta da yawa, da rigar sanyi da safa a hunturu. Akwai kuma wani magani mai suna hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon. Binciken da aka yi a asibitocin Kano, aka fitar da sakamakonsa a 2022, ya nuna ko kaɗan daga cikinsa yana kare yaran da awo ya nuna suna dab da shanyewar jiki. Likita ne ke rubuta shi, yana bin jinin mai sha. Maganin da ke gyara asalin ciwon kuwa, wanda aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura miliyar guda na sefa ga mutum ɗaya, don haka ba shi ne zancenmu ba a yau.

Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne ƙwayoyin ƴan tebur na kasuwa. Tramol ya mayar da wasu matasa masu wannan ciwo bayinsa, wasu magungunan ciwon jiki kuma suna cin ƙoda idan aka dawwama a kansu. Haka nan sakiya da tsaga a kan gaɓar da ta kumbura ƙofa ce ake buɗe wa cuta zuwa cikin ƙashi. Ƙaho yana da asali a sunna, ba mu musun haka, amma an yi shi ne don amfanin jiki, kuma zuƙe jini daga wanda jininsa bai kai na mutane ba cutarwa ce, wanzami mai tsoron Allah ba zai yi ba. Kaciyar irin wannan yaro ma a yi ta a gidan likita, bayan an duba jininsa.

Game da ibada, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani filla-filla, kuma duk wanda ya karanta Ahalari da Risala ya wuce ta kan babin. Wanda ruwan sanyi ke tayar wa ciwo, ya ɗumama ruwa ya yi alwala ko wanka. Idan babu halin ɗumamawa, kuma yana tsoron aukuwar ciwo ko ƙaruwarsa ko jinkirin warkewa, ya yi taimama, sallarsa ta inganta. Wanda kwatangwalonsa ya lalace ya yi salla yadda zai iya, a zaune ko a kan kujera, kada wani ya harare shi a sahu. Azumi kuwa, wanda ya san daga abin da ya saba gani a jikinsa, ko amintaccen likita ya gaya masa, cewa ƙishirwa za ta tayar masa da ciwo, ya halatta ya sha ya rama a kwanakin da zai iya. Idan kuwa ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Wanda ba zai taɓa iyawa ba, babu ramuwa a kansa, an so ya ciyar da mudu guda, mudun Annabi, a madadin kowace rana. Muna roƙon iyaye su daina zuga yarinya mai wannan ciwo ta yi gasar azumi da ƙawayenta a tsakiyar bazara. Muna kuma roƙon malaman makarantun allo, duk almajirin da aka ga yana yawan kukan ƙashi da rawayar ido, kada a kwantar da shi a fili cikin ɗari, a sanar da iyayensa, a kai shi awo. Amana ce aka ba su.

MAGANAR AURE

Likitoci suna rarraba mutane da haruffa. Mai AA bai gaji komai ba. Mai AS ya gaji rabi. Lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana azumi kamar kowa, kuma yawanci bai ma san yana ɗauke da shi ba. Mai SS shi ne ya gada daga ɓangarorin biyu, shi ne majinyaci. Akwai kuma wani iri da ake kira C, wanda idan ya haɗu da S yakan ba da ciwon, ko da yake yawanci da ɗan sauƙi. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka samu yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A fahimci wannan da kyau: lissafin sabo ne a kowane ciki, kamar jefa ƙuri'a. Ana iya haihuwar shida duk lafiya, ana iya haihuwar uku a jere duk masu ciwo.

Daga nan za mu gane girman zaluncin magidancin da ke cewa matarsa ce ke haifa masa marasa lafiya, har ya sake ta ko ya juya mata baya da jinya. Ba a samun ɗa mai SS sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. Idan wannan magidanci ya sake aure ya dace da wata mai AS, abin da ya guje wa shi zai tarar.

To, mene ne hukuncin awon jini kafin aure? Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a ƙarshen 2003, ta tafi a kan cewa ba ya halatta a mayar da awon ya zama sharaɗin ingancin ɗaurin aure, domin Shari'a ta riga ta ƙayyade sharuɗɗan aure. Amma ta yi kira ga hukumomi da ƙungiyoyin Musulunci su wayar da kan jama'a, su ƙarfafa yin awon, su sauƙaƙe shi, kuma a rufa asirin sakamakonsa. Wasu malaman kuma suna ganin shugaba yana da ikon tilasta shi saboda maslahar jama'a. A kan wannan ne ƙasar Saudiyya ta wajabta awon tun 2004, ta bar wa masu auren zaɓi bayan sun ji sakamako, kuma jihar Kano ta kafa dokar awo kafin aure a 2024. Abin da muke gani a nan shi ne, aure ba tare da awo ba ingantacce ne, amma waliyyin da ya san akwai wannan ciwo a danginsa ko a dangin mai nema, ya kuma ƙi bincike, ya gaza wajen amanar da aka ɗora masa. Wanda ya ce awo jayayya ce da ƙaddara, ya tuna Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma ya nuna wa masu ja da shi cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Amosanin jini ba ya cikin aibobin da malamanmu suka lissafa waɗanda ke ba da zaɓin warware aure kai tsaye, irin hauka da kuturta da albaras. Sai dai sun ce idan ɗaya ya shar ɗanta kuɓuta daga wani aibi tun wajen ɗaurin aure, sa'an nan aka tarar da shi, yana da zaɓi. Ɓoye sakamako ga wanda ya tambaya, ko sayen takardar ƙarya, ha'inci ne.

Auren zumunci halal ne, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyidina Ali, ɗan baffansa. Abin da likitoci ke faɗa shi ne, ƴan kaka ɗaya sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya, na wannan ciwo da na sauran cututtukan gado masu raunana garkuwar jiki. Saboda haka su ne suka fi kowa bukatar awo. Kuma kada sakamako ya zama abin gori. Mai AS ya nemi mai AA, shi ke nan. Mai SS ma yana aure, idan ya auri mai AA babu ɗansa ko ɗaya da zai zo da ciwon. Sai dai mace mai SS idan ta sami ciki, ta lizimci awo, ta kuma haihu a gidan likita inda ake iya ƙarin jini.

Lokacin awon shi ne tun farkon nema, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin zukata su ƙullu, dangi su ji. Wanda ya bari sai an sa rana an ɗinka kaya, da wuya ya iya jin gaskiya. Mafi kyau ma uba ya auna ƴaƴansa tun suna ƙanana, ya adana takardun, domin sakamakon ba ya sauyawa har mutuwa. Kuma a kula da irin awon da za a nema. Wanda ake kira awon Emel yana nuna akwai S ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda ke fitar da haruffan sosai shi ne elektaroforez. A fara tambaya a asibitin gundumar Gure. Idan babu shi a lokacin, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Damagaram, tafiyar kilomita 160 da ƴan kai. Cibiyar ƙasa mai kula da masu wannan ciwo tana Yamai, fiye da kilomita 1,000 daga nan, don haka wanda aka tura can ya tafi da dukkan takardun awonsa da hotunan ƙashinsa, kada ya isa a sake aiko shi gida ɗauko su.